Katin bashi mai tara mil ɗin jirgi: 'yan Zango a zo a yi lissafi kafin a ruɗe

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne a nan Kumasi, a Aboabo nake kwana shagona kuma yana Adum, kayan waya nake kawowa, caja da batir da gilashin sikirin da ɗan abun kunnen nan da yara basa rabuwa da shi, yau shekara goma sha ɗaya kenan ina hawa jirgi a kan wannan sana'ar, sau uku ko huɗu a shekara in ka cire lokacin korona da kowa ya zauna gida dole, wani zubin Guanzu ta ƙasar Sin wani zubin Dubai, Istambul ma na leƙa sau biyu da na so in gwada kayan sawa amma abun bai karɓe ni ba na dawo kan cajata.

Abunda yasa na ɗauko waya nake rubuto maka wata magana ce da ta shigo mana majalisar ataya ta ƙi fita. Samarinmu sun ishe mu da wani irin bidiyo, zaka ga bature ko wani ɗan gayu ya miƙe ƙafa a bizines kilas ana zuba mishi abinci a faranti mai fashewa, yana cewa ko sisi bai biya ba, wai makin katin bankinshi ne ya kawo shi nan. To tunda an san ina yawan tafiya kowa ni yake tambaya, Alaji kai wane kati kake riƙewa, Alaji wanne yafi ba da mil, har wani yaro da ko Tamale bai taɓa zuwa a jirgi ba yazo yana min lacca a kan wanda ya kamata in buɗe. Na gaji da amsa ɗaya bayan ɗaya shi yasa nace bari in rubuta wuri guda kowa ya karanta.

Da farko abun ba ƙarya bane, akwai shi. Tun 1981 kamfanin American Airlines ya fito da tsarin nan na tara wa fasinja mil, sunanshi AAdvantage, wato in kana yawan hawa jirginsu suna rubuta maka nisan da ka yi, in ya taru su baka tikiti. Daga baya a 1987 bankin Citi ya haɗa kai dasu aka yi katin da ko baka hau jirgi ba, kayi cefane kawai da shi, mil na shiga. Abunda samarinmu basu tambaya shine, shi bankin ina ruwanshi da jirgi? Saye yake yi. Banki ne yake zuwa ya sayi mil a sari wajen kamfanin jirgi ya dinga gutsura wa masu katinshi. A 2023 kaɗai kamfanin Delta ya karɓi kusan dala biliyan 6.8 daga hannun American Express a kan wannan harkar, kuma a 2020 da korona ta ajiye jirage ƙasa, wannan tsarin tara mil ɗin Delta ta jinginar ta ciyo bashin dala biliyan 9, ba jiragen ba. Kaga kenan abunda ake kira kyauta shine ma babbar hajarsu. Shi kuma banki yana fanshewa ta hanya uku, ɗan kason da yake yanka a wajen mai shago duk sanda aka goga kati, da kuɗin shekara da kake biya na riƙe katin, sai babban su duka, kuɗin ruwan da yake ɗora wa wanda wata ya ƙare bai biya duka ba. Banza dai bata kai zomo kasuwa.

Katunan iri biyu ne in ka duba. Akwai wanda aka ɗaure da kamfanin jirgi guda, kamar na Delta da American Express suke yi a Amurka, ko na British Airways a Ingila mai tara abunda suke kira Avios, ko na Dubai da su Emirates NBD da Emirates Islamic suke bayarwa mai zuba maka mil kai tsaye cikin Skywards na Emirates. Wannan in ka riƙe shi to ka auri kamfanin nan, duk ranar da suka ga dama suka ƙara yawan mil ɗin da tikiti yake ci, kuma suna yi ba tare da sun nemi shawarar kowa ba, abunda ka tara ya rage daraja kana zaune. Sai kuma ɗayan da bankin ne da kanshi yake baka maki, ranar da kake so ka tura su kamfanin da ya maka. Chase Sapphire Preferred yana cikin waɗannan, dala 95 ne kuɗinshi a shekara, kana iya tura makinshi United ko Flying Blue na KLM da Air France. Capital One Venture shima 95 ne, yana ba da mil biyu a kowace dala, kuma nashi yana shiga Turkish. Shi kuwa Platinum na American Express da 'yan bidiyon nan suka fi ɗagawa sama, a 2025 aka kai kuɗin shekararshi dala 895, ka buga wannan a sidi kaji abunda zai baka, hayar ɗaki ce a Asawase ta wata da watanni kawai don ka shiga falon manya a filin jirgi ka sha shayi. In ni za'a tambaya tsakanin biyun, na biyun yafi, don ba'a ɗaure ka ba, kuma a cikinsu ma mai arhar kuɗin shekara.

Amma duk wannan kwatancen na wa ne? Ko ɗaya daga cikin waɗanda na lissafa ba'a ba mutumin da yake zaune Aboabo. Na Amurka sai kana zaune can kana da lambar shaidarsu ta gwamnati da tarihin cin bashi da biya wanda suke dubawa, na Dubai sai kana da takardar zama da albashin da yake shiga banki. A nan Gana kuwa katin da yake aljihun yawancinmu na cirar kuɗi ne, kuɗinka ne a ciki in ya ƙare ya ƙare, katin bashi na gaske sai ɗaiɗaiku, yawanci ma'aikatan da albashinsu ke bi ta bankin. Ni na taɓa shiga wani banki a nan na tambaya, yarinyar ta karɓe ni da fara'a har da ruwan sanyi, tana jin cewa ni ba mai albashi bane sai ta fara lissafo takardu, na shago, na haraji, na shige da ficen kuɗi na wata shida, kuma wai in ajiye wasu kuɗi su riƙe a matsayin jingina, wato in basu kuɗina su ranta min kuɗina in biya ruwa a kai. Nace mata madam na gode bari in je in yi shawara, yau shekara uku ban gama shawarar ba.

Wanda na gani da idona abun ya yi wa amfani ɗan ƙanwata ne da yake Bronx a Niyok, inda 'yan Zango suka cika kamar ka kira sallah a Sawaba. Tasi yake ja, kullum sai ya sha mai, ga inshora ga gyara, duk da katin yake biya, kuma yaron Allah ya mishi tsoron bashi, ranar da lissafi ya fito ranar yake sharewa baya bari ko dala ɗaya ta kwana. Da ya buɗe katin suka ce in ya kashe dala dubu kaza cikin wata uku zasu bashi garaɓasar maki mai yawa, shi kuwa dama yana kashe hakan ko ba kati, to ka ga wannan ya ci. Ya tura makin United ya yanki tikitin zuwa gida ta Washinton ya sauka Ankara, Ankara tamu ta Gana nake nufi ba ta Turkiyya ba. Amma ko shi ka tambaye shi, so ya yi yazo a Disamba lokacin bikin ƙanwarshi, ya duba ya duba babu kujerar mil ko ɗaya sai da ninki, don kamfani kujeru kaɗan yake warewa masu mil, lokacin da kowa ke rububin zuwa gida kuwa gara su sayar wa mai kuɗi a hannu, ƙarshenta sai Fabrairu yazo amarya har ta fara laulayi. Kuma harajin filin jirgi da aljihunshi ya biya, wannan mil baya ɗauke shi, wasu kamfanonin ma har da wani ƙarin kuɗin mai suke ɗorawa a kan tikitin da suka ce kyauta ne.

To yanzu mu dawo kanmu, a ɗauka ma an baka katin. Masu bin diddigin harkar suna ƙiyasta mil ɗaya a wajen santi ɗaya zuwa ɗaya da rabi na dala in tikitin ikonomi zaka yanka. Ka kashe dala 1,000 a baka mil 1,000, wato an baka dala 10 zuwa 15 kenan, in kati mai ninki biyu ne a ce 20 zuwa 30. Shi kuma kati in ka goga shi a ƙasar da ba tashi ba, da yawa suna cire wajen kashi 3 cikin ɗari na canji, dala 30 kenan a kan wannan dubun, ban da bambancin farashin da banki zai buga maka da wanda zaka samu a hannun mutanenmu 'yan canji na Alabar da zaka tsaya ku yi ciniki har ya sakar maka fesuwa biyar. An baka da dama an karɓe da hagu har an haɗa da ɗan yatsa. Wannan lissafin ko yaron shagona da ya tsaya a aji uku na sakandare ya buga shi a kalkuleta cikin minti ɗaya.

Kuma wai a ina ma zamu goga katin? Wanda ya san Guanzu ya san yadda ake yi, ka sauka unguwar Shawbe inda baƙaƙen fata suka fi taruwa, ka shiga kasuwa ka zaɓi kaya, mai masana'anta baya ma son jin sunan Visa, ko ka ƙirga mishi tsaba ko ka bi ta hannun wanda yake tura mana kuɗi ya sa mishi a asusu. Tun 2023 sun yarda baƙo ya ɗaura katinshi na waje a kan manhajojinsu na biyan kuɗi ta waya, Alipay da WeChat, yana da daɗi wajen biyan tasi da taliyar Musulmin nan masu farar hula, amma da zarar ciniki ya wuce yuwan 200 sai a cire kashi 3, waye zai sayi katan ɗari na caja a haka. A Dera ta Dubai wasu shagunan suna karɓa, amma sau nawa na ciro kati mai shago yace to zai ƙara min wani abu a kai don shima ana yankar shi. Anan gida kuwa daga mai waken Alabar har dilan da yake sarar kayana zuwa Bawku, MoMo ne, wato tura kuɗi ta waya, ko tsaba. Wato manyan kuɗin da suke bi ta hannun ɗan kasuwar Zango, waɗanda in da suna bi ta kati da sun tara mil na gaske, basa bi ta nan sam. Abunda zai rage sai kuɗin otal da tikiti, wannan kuwa sai ka shekara nawa.

Akwai kuma masu dabarar karɓar kati a hannun ɗan'uwa na waje, shi ya buɗe a can ya sa a yi maka na biyu da sunanka, kai ka kashe shi ya tara mil ku raba. Maƙwabcina a kasuwa haka suka yi da yayanshi, mutumin kirki wallahi, a 2022 ya je Dubai wajen tsakiyar shekara ya ɗauko kaya masu yawa a kan katin da niyyar in ya sayar ya tura. Duk wanda yake Gana a shekarar nan baya buƙatar in tuna mishi, dalar da muka shiga shekara tana sidi 6 da 'yan kai, kafin Nuwamba ta haura 14 a wajen 'yan canji, a Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. Shi ya sayar da kaya a sidi, wasu ma bashi ya bayar, bashin da ke kanshi kuma a dala yake, ga ruwan katin Amurka da yake wuce kashi 20 a shekara yana hawa duk wata. Ina zaune a shagonshi wata la'asar yayan ya kira, ban ji me ake cewa a can ba amma na ga yadda ya cire hula ya ajiye kan kwali yana ta cewa Yaya kayi haƙuri, Yaya wallahi ba ci na yi ba. Sai da ya sayar da filinshi na hanyar Kenyase aka rufe maganar, zumuncin kuma har yau bai koma daidai ba, matansu basa gaisawa. Mil ɗin da suka tara a tafiyar, da muka lissafa, ko tikitin Kumasi zuwa Ankara da dawowa da ƙyar zai saya. Na san wani zai ce ai a 2025 sidi ta farfaɗo dala ta sauko daga wajen 15 zuwa wajen 10, haka ne, wanda yaci bashin dala a lokacin yaji daɗi, amma wannan ai caca ce ba kasuwanci ba.

Sannan ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurinmu, wadda 'yan bidiyo basu san da ita ba. Katin bashi yarjejeniya ce ka sa hannu cewa in ka makara zaka biya kuɗin ruwa. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a zamanta na Riyad a shekarar 2000 ta ce katin da aka gindaya wa sharaɗin ruwa bai halatta a yi mu'amala da shi ba ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi. Akwai malaman da suka sassauta wa mazauna Turai da Amurka saboda lalura in har mutum baya bari ruwan ya hau, ni ba malami bane ba zan yanke wa kowa ba, kowa ya je ya zauna gaban malaminshi. Amma dai mutum yana Kumasi babu wata lalura da ta kama shi, kawai don ya miƙe ƙafa a jirgi ya ɗauki hoto, ya je ya sa hannu a kan wannan, ni dai zuciyata bata kwanta ba. Masu zama Dubai da Saudiyya su Allah ya hutar dasu tunda bankunan Musulunci na can suna da nasu katin.

To kar a ce na zo na rushe ban gina ba. Abunda mutanenmu da yawa basu sani ba, kuma shine ya fi ci min rai, shine mil ɗin baya buƙatar kati ko banki. Kusan kowane babban kamfanin jirgi yana da rajistarshi kyauta, minti biyar a waya, su baka lamba, duk sanda ka yanki tikiti a sa lambar shikenan. Ethiopian nasu ShebaMiles, Turkish nasu Miles&Smiles, Emirates Skywards, Qatar kuma tun 2022 suka koma Avios irin na British Airways. Kenya Airways ma sun fito da nasu a 2023 wai shi Asante Rewards, wani abokina har yana murna wai an karrama Asantawa, ashe da Suwahili asante na gode ne kawai. Ina da Alhazai a layinmu da suka fi shekara ashirin suna zuwa Sin, suna da gidaje suna da motoci, amma basu da lambar nan, sun bar dubban mil a sama kamar wanda ya sayi buhun shinkafa ya ƙi karɓar gyara. Daga Ankara zuwa Adis Ababa ka ɗora zuwa Guanzu ya haura mil 7,000 zuwa kawai, ka dawo ka ninka, ka yi haka sau huɗu a shekara. Dala nawa zaka goga a kati kafin ka kamo wannan?

Sai dai a nan ma akwai inda ake zamewa. Kamfanonin ƙungiya ƙungiya suke, manya uku. Star Alliance akwai Ethiopian da Turkish da EgyptAir da United a ciki, oneworld akwai Qatar da British Airways da Royal Air Maroc, SkyTeam akwai KLM da Air France da Delta da Kenya Airways da Saudia, Emirates kuwa ita kaɗai take kiwonta bata cikin ko ɗaya. Amfanin sanin wannan, in kana da lambar ShebaMiles ka hau Turkish zuwa Istambul ko EgyptAir zuwa Umra, lambarka ta Ethiopian ɗin zaka bayar mil ya taru wuri guda. Kuskuren da na yi shekaru huɗu na farko kenan, duk jirgin da na hau sai in buɗe nashi, na wayi gari da lamba biyar kowace da ɗan tsiranta, babu wadda ta isa komai, kamar mai adashi biyar da bai taɓa ɗauka ba. Ga shi kuma suna mutuwa. Na Emirates shekara uku ne, na Flying Blue in ka yi shekara biyu baka motsa ba sun tafi, Avios na British Airways wata 36 ba motsi, Delta da United ne nasu baya mutuwa. Ni akwai wani kamfani da na buɗe wayata bayan korona na tarar da sifili, mil sama da dubu ashirin, ashe sun ta aiko min da saƙo a wani tsohon imel da yaron da ya buɗe min shi ma ya manta lambar sirrin.

Kuma ba kowane tikiti bane yake ba da mil cikakke. A jikin tikiti akwai wani harafi guda ɗaya da yake nuna ajin farashin, mafi arha wani lokaci rubu'in nisan kawai za'a rubuta maka, wani ma babu ko ɗaya. Ni ban ce ka sayi mai tsada don mil ba, wauta ce, amma in bambancin kaɗan ne ka tambayi ejan ɗinka. Ejan ɗin ma sai ka tsaya a kanshi, da yawansu basa sa lambar sai ka ce, ka duba takardar shiga jirgi in baka ga lambarka ba ka ba na kan kanta a filin jirgin Ankara, wato Kotoka, ya sa kafin ka wuce, kuma kar ka yar da guntun takardar sai ka ga mil ya shiga, don in bai shiga ba da ita zaka nema, suna ba da 'yan watanni. Sai matsalar suna, wadda tamu ce mu 'yan Zango ta musamman. Mutum ɗaya a fasfo Mohammed, a katin Gana Muhammed, a makaranta Mahama, a gida Ɗanlami. Ni da na sabunta fasfo aka juya min sunan uba ya dawo gaba, tafiya uku mil bai shiga ba ban lura ba, da na je ofishin kamfanin a Ankara, na kwana a motar dare daga Asafo na sauka Sakul da asuba, sai da na yi musu kwafin tsoho da sabon fasfo na jira kusan wata biyu, biyu suka dawo ɗaya ta wuce lokaci. A jirgin alhazai kuma kar wanda ya sa rai, shata ake yi, amma Umra da kake yankar tikitinka da kanka tana bayarwa.

Yanzu ga abunda nake so 'yan'uwana 'yan kasuwa su ji da kyau. Mu ba tikitin kyauta ne ribarmu a wannan harkar ba, kilo ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban sikeli a filin jirgin Guanzu ƙarfe goma na dare yana buɗe jaka yana cire kaya yana cusa wa a aljihun riga, ya sa jaket biyu a jiki yana gumi, yana leƙen layi ko akwai ɗan Gana mai jaka ɗaya da zai roƙa, ya san abunda nake faɗa. In ka riƙe ƙungiya guda kana hawa, matsayinka yana hawa daga shuɗi zuwa azurfa zuwa zinare, kuma mai zinare a Star Alliance ana ƙara mishi jaka guda ko kilo 20 a kan na kowa, ya bi gajeren layi, jakarshi ta riga fitowa, in an yada zango a Adis ya shiga falo yaci abinci ya yi alwala a natse. Jaka guda ta ƙananan kaya masu tsada da zan shigo da ita a hannuna in baje a Adum washegari, maimakon in jira kago ko kwantena ta yi wata biyu kafin ta iso tashar jirgin ruwa ta Tema, wannan a tafiya huɗu ya fi min tikitin kyauta da sai na shekara biyu ina tari. Kuma ga inda katin yake faɗuwa, mil ɗin da ake samu ta goga kati yawanci na kashewa ne kawai, baya ɗaga matsayi, wanda yake ɗagawa galibi sai ka zauna a kujerar jirgin da jikinka. Wato abunda ni nake buƙata, katin ma yawanci baya sayar da shi.

Masu iyali kuma Emirates suna da tsarin da mutum takwas 'yan gida ɗaya zasu zuba nasu a tukunya guda, in kuna zuwa Umra da Hajiya da yara yana da kyau a duba. Wani abu kuma da ya fara yawa, masu tallan tikiti rabin kuɗi a WhatsApp wai da mil ɗin wani zasu yanka maka. Dokar kamfanonin ta hana sayar da mil, in suka gano suna iya soke tikitin kana tsaye da jakarka, wani lokacin ma mil ɗin na sata ne an fasa asusun wani bawan Allah. Arha dai bata ado.

Roƙona gare ka Malam Edita guda biyu ne. Ka sa wakilinku na nan ya zaga bankunan Adum da na Ankara ya tambayo mana a rubuce, wane kati suke da shi, nawa ne kuɗin shekara, kashi nawa suke cirewa in an goga a waje, da wane farashin dala suke bugawa, ruwan nawa ne a wata, a buga mana da Hausa baƙi da fari, don in mu muka je sai a miƙo mana takarda mai ƙananan rubutu a nuna mana inda zamu sa hannu. Na biyu a samu malami guda ya yi mana bayanin hukuncin a fili, har da na katin da mutum ya ajiye kuɗinshi jingina, don a majalisarmu an kusa dambe a kan wannan.

Ni dai wata mai zuwa in Allah ya kaimu zan tafi baje kolin Kanton na Oktoba a Guanzu, saura min tafiya ɗaya in riƙe zinarena na baɗi, kuma na riga na gaya wa ejan ɗina in ya sake mantawa da lambata shi zai ɗauko min jakar ta uku a ka tun daga Kotoka har Adum.

Wassalam, naka mai karatu kullum,
wani ɗan kasuwar kayan waya, Aboabo, Kumasi.